Ɗorawar da ba ta yi ba a Damargu

Ko me zan manta a duniya, ban da shekarar da ɗorawar matata ta bushe.

Karatuna bai wuce lakwal ta firamare a Tanut ba, amma da shi aka ɗora ni kan ma'aunin ruwan sama a ƙauyenmu, kusa da Olelewa. Duk sa'ad da aka yi ruwa sai in duba in kai wa malamin gona labari. Shi ya taɓa nuna mini zanen ruwan shekara, kowane wata da sandarsa. A zanen ƙasar kudu sandunan dogaye ne, sun jeru da yawa. A namu kuwa ƴan gajeru ne a tsakiya, sauran watanni fayau. Ya ce inda ka ga dogaye, can ɗorawa da kaɗanya suke. Inda ka ga gajeru, sai aduwa da magarya da ƙaya. Na riƙe wannan, har na riƙa jin kaina da shi.

Matata daga wajen garin Magarya, can kudu, na auro ta. Da mahaifiyarta ta rasu ta je ta'aziyya, ta dawo da kalwa ƙulle a bakin zane, daga ɗorawar gonar tsohuwar. Ta haƙa rami a bayan ɗaki, ta zuba takin awaki, ta shuka. Ɗaya ta fito.

Na ce mata, "Ke, wahala kike yi. Ruwanmu bai kai na ɗorawa ba, ni nake aunawa."

Ta ce, "To Malam, sai ka auna naka, ni in zuba nawa."

Innata da ke zaune kusa ta yi dariya ta ce, "Ƴar kudu ta gama da kai." Ni ban yi dariya ba. Gani nake an raina ilimina.

Sai ga shekarar fari. Gero ya tsaya a gwiwa ya ƙone, mutane suka koma jiƙa ƴaƴan anza masu ɗaci, abincin yunwa. Rijiyarmu mai zurfi ce, ga layin garkunan makiyaya, tulu ɗaya sai an sha rana. Wata azahar na zagaya bayan ɗaki na tarar da ita tsugune, tana juye ruwan shanta a gindin tsiron, leɓɓanta duk sun tsage. Maimakon in karɓi ƙoƙon in lallashe ta, faɗa na yi mata, har na ce itacen nan matacce ne tun ranar da aka shuka shi. Ta shafa ganyen kawai ta tashi. Har yau in na tuna sai in ji kunya, domin ba itace take shayarwa ba, uwarta take tunawa, ni kuma sanduna nake gani.

Kafin bazara ɗorawar ta bushe, kamar yadda zanen ya nuna. Ban ji daɗin gaskiyata ko kaɗan ba.

Da damina ta dawo, wata safiya ta kira ni. "Malam, zo ka gani, mene ne wannan?" A cikin ramin nan wani tsiro ya fito, kore shar, da ƴar ƙayarsa. Aduwa ce. Ƙwallonta ya biyo takin awakin.

Ta ce, "Ita wannan ruwanku zai ishe ta?"

Na ce, "Zai ishe ta."

Ta ce, "To ita ce ɗorawata."

Ran nan ni na saro ƙaya na shinge ta, ni na fara zuba mata ruwan alwalata.

Matata ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta. Aduwar ta fi ɗakin tsayi yanzu, jikokinmu kuma ɗorawar Kaka suke ce mata, baƙi na yi musu dariya. Ban taɓa gyara musu ba. Na koyi cewa ma'auni yana faɗa maka itacen da ƙasa za ta ɗauka, amma wanda aka ciro daga ƙasarsu aka kawo gidanka, kai ne za ka shayar da shi.