Waƙa a Bakin Kabarin 'Yata

Da damina 'yata ta fari ta rasu, ko firamare ba ta shiga ba. Zazzaɓi ne. Mun ɗauko ta daga Kabo za mu asibiti a Gwarzo, ta cika a kan cinyata a cikin mota, ina ta yi mata fifita da bakin zanina ban sani ba.

Mu mutanen kudancin Kaduna ne, koyarwa ce ta kawo mijina. A wurinmu babba ake kai wa gida, yaro kuwa inda ya rasu nan ake binne shi. Mai gidan da muke haya, wani dattijo Musulmi, ya ba mu gefen gonarsa. Da hannunsa ya tuge dawar da ta kai gwiwa don a sami wurin haƙa.

Sai ga matan zumuntar ikilisiyarmu da tulunsu na kiɗa. Haka muke yi, ni ma na sha yi wa wasu. Amma da suka ɗauko waƙar murna ana zuba wa 'yata ƙasa, sai na ji kamar a ƙirjina ake buga tulun. Maƙwabtanmu mata, waɗanda suka saba ta'aziyya cikin shiru, suka yi cirko-cirko. Na ji wata tana cewa, "Ikon Allah, su kuwa waƙa suke yi!" Kunya da fushi suka haɗe mini. Na daka wa shugabar zumuntar tsawa, "Mama, don Allah ku yi mini shiru!"

Tsohuwa ce 'yar Filato, mai sayar da dankali a kasuwa. Ta dube ni ta ce, "Yi kukanki, 'yata. Ba ke muka ce ki yi waƙa ba." Kuma ba su daina ba.

Na tsane ta, ba zan ɓoye ba. Na daina zuwa sujada, addu'a ma ta gagare ni, har na fara tsoron ko bangaskiyata ta bi yarinyar cikin rami. Ita kuwa tsohuwar nan akwai naci. Duk ranar zumunta sai ta biyo ta gidana, ta zauna tana taya ni ɓarar gyaɗa, babu wa'azi babu lallashi. Sanin kowa ne ta binne miji da 'ya'ya maza biyu. Ran nan na kasa daurewa na ce, "Mama, ke da mutuwa ta yi wa kaca-kaca, murnar me kike yi?"

Ta ce, "Kin ɗauka daɗi nake ji? Yesu ya tashi, kabari ba zai riƙe nasa ba, shi ke nan abin da nake da shi. Lokacin da na kasa faɗa da bakina, wasu ne suka tsaya suka faɗa mini."

Sai bayan girbi na koma coci, na zauna can baya bakina a rufe. An daɗe kafin muryata ta dawo, kuma da ta dawo a dushe take.

Tsohuwar ta rasu tuni, yanzu ni ce shugabar zumunta. Bara jaririn wata yarinya, matar wani mai shago, ya rasu. Muka je, muka yi abin da muka saba. Da mutane suka watse uwar ta riƙe mini hannu, gaban rigarta duk ya jiƙe da nono.

"Mama, an ce ke ma kin taɓa rasa ɗa. Yana wucewa?"

"Ba ya wucewa," na ce mata. "Har yau ina ƙirga mata shekaru, da yanzu ta yi aure."

"To yaya kike iya waƙa?"

"Don zan gan ta. Ke ma za ki ga naki. In ba ki iya yarda yau ba, bar shi a hannuna, zan riƙe miki."

Ta kifa kanta a kafaɗata tana kuka, ni ma na taya ta.