Tattabarun Baba da Huhun Mma

Babana ya fara kiwon tattabaru a gidanmu na unguwar Nima tun kafin a haife ni. Akurkinsu na katako yana jingine da bangon ɗakin mahaifiyarmu, wadda muke kira Mma, daidai ƙarƙashin tagarta. Shi ke watsa musu hatsi idan ya dawo daga Abossey Okai, inda yake sayar da kayan mota. Shara kuwa aikin Mma ce. Kowace safiya, in ta gama sayar da koko a bakin titi, sai ta duƙa ta kankare busasshen kashinsu, farin gari yana tashi yana rufe mata fuska.

Tari ya kama ta a tsakiyar shekarun alif ɗari tara da tamanin, lokacin na riga na yi aure a unguwar Maamobi ina sana'ar ɗinki. Busasshen tari ne, sai haki ya biyo baya, har ta kai in ta ɗauko bokitin ruwa daga famfo sai ta tsaya ta dafa bango. Maƙwabta suka ce tibi ne, wato tarin fuka. Aka ware mata kofi, masu sayen koko suka koma wajen wata. Ta sha maganin tibi wata da watanni, ba sauƙi.

Daga baya na ɗauke ta a motar haya ta trotro zuwa babban asibiti. Wani dattijon likita ya daɗe yana duban hoton ƙirjinta, sannan ya tambaye ni da yaren Twi ko muna da tsuntsaye a gida. Na ce tattabaru. Ya ce ba tibi ba ne. A cikin huhu akwai ƙananan ƙwayoyi masu gadi, in baƙon abu ya shigo sai su fesa masa wani sinadari mai narkar da shi. Garin gashin tattabaru da na kashinsu suna shiga kullum, masu gadin ba su daina fesawa, har sinadarin ya koma cin naman huhun. Inda ya ci sai ya warke da tabo, wurin da ya yi tabo kuwa ba ya ƙara ɗaukar iska. Abin da ya lalace ya lalace, amma in aka raba ta da tsuntsayen, za a iya ceto sauran.

Na fassara wa Mma da Hausa. Abin da ta fara cewa shi ne, “Kar ki gaya wa babanki da faɗa.”

Ban yi faɗa ba. Na durƙusa na gaishe shi bayan la'asar, na bayyana masa duk abin da aka ce. Yana riƙe da kwanon hatsi yana saurarona.

“Ni da nake kama su da hannuna, me ya same ni?” in ji shi.

“Baba, kai ba ka share akurkin. Kuma likita ya ce ba kowane jiki ne yake yin haka ba.”

“Tattabara tsuntsuwar albarka ce. Ciwo na Allah ne.”

Wannan magana har yau tana ƙona mini rai. Matar da ta haifa masa 'ya'ya tana zaune a ƙofar ɗaki, ba ta iya kai ƙarshen Fatiha ba tare da ta huta ba, shi kuma yana kare tsuntsaye.

Yayana ya rasa haƙuri. Wata rana da Baba yake shago, ya zuba tattabarun a kwando ya kai wa wani mai kiwo a unguwar Kawukudi. Kafin mako ya zagayo yawancinsu sun dawo, sun jeru a kan kwanon gidan. Baba ya buɗe musu akurki yana murmushi, ya ce mu gani da idonmu, Allah ne ya maido su.

A ranar na naɗe kayan Mma. Ta yi ta roƙona in bar ta, kada mutane su ce ta bar ɗakinta. Na ce su faɗa. Mijina ya matsar da keken ɗinkina zuwa baranda, muka shimfiɗa mata katifa.

Tarin ya ragu a Maamobi. Hakin bai tafi ba, kuma ba ta sake dama kokon sayarwa ba. Baba yakan zo dubata ranar Juma'a, ni kuma nakan tare shi a ƙofa in ce ya cire babbar rigarsa ya rataye a waje, don ƙurar akurki tana jikinta. Yakan harare ni, amma yana cirewa. Su zauna su yi hira kamar ba abin da ya faru, har ta tambaye shi ko ya ci abinci.

Ta yi 'yan shekaru a wurina kafin ta rasu. Baba ya yi kuka sosai a wajen jana'iza, mutane suna ta ba shi haƙuri. Ni ban iya zuwa kusa da shi ba. Bai rabu da tattabarun ba sai da gwiwoyinsa suka hana shi duƙawa ya share akurkin da kansa.