Halliru da Rufin Gidan Gwamna

Halliru magini mutumin Kalmalo ne, gajere, mai faɗin tafin hannu, ba ya son dogon zance. Ni nake kwaɓa masa ƙasa, gonata kuma tana jikin tasa, don haka abin da zan faɗa da idona na gan shi.

Bayan Nasara sun ci Sakkwato sun ja iyaka tsakaninmu da Ƙonni, umarni ya zo a gina masauki a kan tudun Illela, wai nan Gwamna zai riƙa sauka in ya zo duba iyaka. Hakimi ya tara mu, ya sa Halliru gaba. Ba mu taɓa gina irinsa ba. Baranda ta kewaye shi, tagogi kuwa jaki sai ya shige. Babban ɗakin tsakiya Halliru ya yi masa rufin baka, irin da ake kira ɗaurin guga, da azarar giginya da muka ɗauko a ka. Waje muka shafe da makuba, ciki da farar ƙasa. Madafa da barga suna baya, sandar tuta a gaba. Mutane suka sa masa suna Gidan Gwamna.

A wurin maginanmu, wanda ya ɗaura azara shi ke da rufi har ya mutu. In ya yi yoyo ba ruwa ake zagi ba, shi ake zagi. Rufin ƙasa kuma yana son sabon yaɓe kowace shekara kafin damina. Amma daga Sakkwato umarnin yaɓen yake fitowa, kuma bai taɓa isowa da rani ba. Sai hadari ya haɗu ake tunawa da gidan.

Wata shekara, rumbun Halliru ya riga ya ƙare, ruwan shuka ya sauka. Da safe Halliru yana sara da sungumi, matarsa Lubabatu tana binsa tana zuba iri, sai ga Attahiru, dogarin hakimi.

"Magini, aje sungumi. Gwamna na tahe."

"Bara ma haka kac ce," in ji Lubabatu. "Wanga Gwamna bisa hawainiya shika tahiya?"

"Ke Luba, ni aiko ni anka yi. In kina da magana, ga ƙohwar hakimi can."

Ta juya ga mijinta. "Malam, tahi ka shahwa musu ƙasa sama-sama ka komo. In ya zuba, su nemi wani."

"Hannuna na bisa ruhin nan."

"To ɗiyanka mi za su ci? Ruhi?"

Ya miƙa mata sungumin ya bi dogari.

Mu leburori mun yi yaɓen a gurguje, kowa ya koma gonarsa tun ƙasa na da laima. Halliru ma da sai ya biyo mu. Amma yana gyara indararo ya ji rufin baranda ya motsa a ƙafarsa. Ya tona, ya tarar gara ta ci azara. Ba wanda ya gani sai ni, da ban riga na sauka ba.

Na ce, "Maigida, maida ƙasa. Za ta kai baɗi."

Ya ce, "In ta kai."

Ya buɗe wurin, ya je neman giginya, ya fasa, ya ɗaura shi kaɗai. Kafin ya gama ƙasar gona ta bushe. Lubabatu ta shuka abin da ta iya da goyo a baya, sauran gonar ta jira wani ruwan, ruwan kuma ya yi jinkiri. Geron da ya shuka daga baya yana fid da kai damina ta ɗauke.

Da kaka abin da ya ɗaure jaki ɗaya ya kwashe shi, jakin ma ya sayar. Lubabatu ta kwashi yara ta tsallaka wurin wanta a Ƙonni, ta ce ranar da rumbu ya yi nauyi a aika mata. Ba a aika ba, don kowace shekara haka ta maimaitu.

Gwamna bai taɓa kwana a gidan ba. Wani Joji ne, ƙaramin Baturen mulki, yakan yini a baranda in ya zo rangadi, ya sha shayi ya wuce. Rufin bai yi yoyo ba har Halliru ya rasu a gidan ƙanensa. Bayansa aka nemi magini ya karɓi rufin, kowa ya ce yana da gona. Damina ba ta daɗe tana dukansa ba ɗakin tsakiya ya rufta.