Ranar da Gingimari Ta Ci Birki a Kwana

In dai da sauran hankali a jikina, ba zan manta da ranar da na hana wani dattijo nasarar da ya ci a gaban idona ba, shi kuma ya tsaya kai da fata sai na hana shi.

A lokacin wasan motocin rimot ya kama matasan Daura kamar zazzaɓi. Kowa ya samo injin tsohuwar motar yara, ya ƙera mata jiki da gwangwani, a haɗu a filin wata firamare da yammacin Asabar a yi tsere. Da muka ga wasu sun fara zuwa da ƙwarangwal, inji da taya kawai don mota ta yi sauƙi, sai muka kafa doka. Dole mota ta yi kama da ta gaskiya, da gilas da fitilu da lamba da madubin gefe, kuma duk abin da ta tashi da shi ta iso da shi. In an tashi, hannun mutum ba ya taɓa mota. Ni aka ɗora wa duba motoci, saboda an san ni da ƙaƙale, ko uwata ce ta zo da mota ba madubi sai na kore ta.

Cikinmu akwai wani dattijo maƙwabcina, tsohon direban babbar mota, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jigilar hatsi da dabbobi tsakanin Daura da Kano, har ciwon ƙafa ya raba shi da sitiyari. Mu duka Baba muke ce masa. Yara suna manna fitilun takarda don a ce sun bi doka, shi kuwa ya ƙera gingimari mai bodin katako, da tamfol ɗaure da igiya, da bamba ta ƙarfe, har da 'yar buta rataye a gefe. Kowa ya gani sai ya yi dariya sannan ya tsuguna ya ƙara kallo.

A shekarar ne aka gayyace mu babban tsere a Kano, mutum ɗaya za mu tura. Ban taɓa ganin Baba ya sa abu a ransa kamar wannan ba. Ya ce mini, "Malam, tun da na sauka daga mota ban shiga Kano ba, don ba na son a kai ni a matsayin fasinja. In na ci, ai direba ne ya koma." Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta taɓa ni.

Babban abokin karawarsa wani saurayi ne ɗan Kongolam mai gyaran waya, da farar motarsa mai gudu kamar ta tashi sama, da baki kamar reza. Ranar tseren zaɓen wanda za mu tura, ina duba motoci yana tsokana: "Baba, wannan ai sai a yi mata lodin awaki a kai kasuwar Mai'adua, ina ita ina tsere?" Baba ya ce, "Yaro, ka dai riƙe kwanarka."

Su biyun suka rage a zagayen ƙarshe. Farar mota ta fita kamar kibiya, gingimari na biye tana tangaɗi, ga jama'a sun cika fili har da masu kallo daga garin Babban Mutum. A kwanar da ke gindin darbejiya saurayin ya ƙi rage wuta, motarsa ta hau tudun rairayi ta faɗi a gefenta, tayoyi na juyawa a iska. Fili ya ɗauki ihu. Ni kaina na ce shi ke nan, Baba ya tafi Kano.

Gingimari ta zo ta gifta, sai muka ga ta ci birki. Ta yi ribas a hankali, ta daidaita hanci, ta sa bambarta a ƙarƙashin rufin farar motar tana turawa. Sai da ta ja baya ta sake turawa kafin farar mota ta faɗo kan tayoyinta, a nan ne kuma madubin gingimari na dama ya karye ya faɗi cikin rairayi. Saurayin ya daskare da rimot a hannu. Baba ya daka masa tsawa, "Ja motarka mana, me kake jira!" Suka ci gaba, amma tayar farar motar ta riga ta lanƙwashe, gingimari ta riga ta isowa.

Da na ɗaga gingimarin sai na ga gurbin madubin ba komai. Jama'a suna ta cewa in kau da kai. Saurayin ma ya matso ya durƙusa, bakin nan ya mutu, ya ce, "Malam, don Allah ka ba Baba, wallahi shi ya ci." 

Baba ya dogara sandarsa ya zo ya karɓi motarsa. Ya ce, "Malam, motar da ba madubi ko a tasha ba a yi mata lodi. Yi aikinka." Na ce, "To Baba, me ya kai ka tsayawa, ga hanya a buɗe?" Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta, ya ce, "Ku kuka ce mota ta yi kama da ta gaskiya. Ni ban taɓa ganin ta gaskiya ta wuce 'yar'uwarta a kife ba."

Na sanar cewa ɗan Kongolam ne zai tafi. Ba zan ce abin bai yi wa Baba ciwo ba, don na ga yadda ya juya baya yana ta gyara igiyar tamfol da ba abin da ya same ta. Ƙafar ta matsa masa bayan nan, bai sake yin tsere ba.

Abin da na koya shi ne, alherin da bai ci maka komai ba kowa ma zai iya yin sa. Na gaske shi ne wanda ka biya da abin da ranka ya fi so, aka miƙo maka rangwame kuma ka ce a bar shi.