Baba Da-a-ce da Ɗakin Koyon Tafiya

Daga Allah muke, kuma gare Shi makoma take. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Yuli, ina riƙe da ƙugun wani majinyaci yana koyon taku, aka kira ni a waya cewa Allah Ya yi wa Baba Da-a-ce rasuwa bayan gajeruwar jinya. Sai da na zaunar da mutumin a kujera, sannan na fita baranda na yi kukana.

Baba, kai malamin ƙididdiga ne a jami'a, ni kuwa mai gashin jiki ne a ɗakin da muke koya wa masu shanyewar ɓarin jiki tafiya. Me ya haɗa kifi da kaska? Hukumar asibiti ce ta so mayar da ɗakinmu ma'ajiyar kaya. Na je gabansu ina taƙama cewa cikin majinyata goma da ke zuwa wurinmu, takwas na miƙewa. Shugaban kwamiti ya ce, "Ai masu sauƙin ciwo ne ke iya zuwa, da masu 'ya'yan da za su ɗauko su. Waɗannan ko ba ku za su tashi. Waɗanda suka zo sau ɗaya suka ɓace fa?"

Na shigo ofishinka ina huci, ina neman wanda zai shigar mini faɗa. Ka saurare ni, tabarau a goshi, shayinka ya huce a kan tulin takardu kamar kullum. Sai ka ce, "Ɗana, gaskiya ya faɗa maka. Zauna mu taya shi." Wallahi a ranar na tsane ka.

Daga nan ka buɗe manhajar lissafinka a kwamfuta ka zama babban abokin gābata. Majinyatan da suka ɓace, waɗanda ba wanda ya san makomarsu, kai ka riƙa yi musu zato mafi muni. Da a ce rabinsu sun ƙara taɓarɓarewa? Ka danna, sakamakon ya ragu. Da a ce dukansu ne? Da a ce masu zuwan sun ninka sauran ƙarfin jiki tun farko? A nan na gane dalilin da ɗalibanka suka laƙaba maka wannan suna. Ina kallo takwas ɗin nan tawa tana narkewa, ni ma ina narkewa tare da ita. Na roƙe ka ka tsaya haka, ka ce likitan da ke tsoron gwaji bai yarda da maganinsa ba.

Sakamakon ya rame, amma ya ƙi mutuwa. Duk mummunan zaton da ka ɗora wa lissafin majinyatan, amfanin gashin yana nan daram, sai fa in an yi zaton da hankali ba zai ɗauka ba. Ka sa na goge taƙamata na rubuta abin da ya saura.

Ranar zaman kwamitin, ba ka yi dogon turanci ba. Ka tura wa shugaban kwamiti kwamfutar ka ce, "Ranka ya daɗe, sa duk adadin da ranka ke so na waɗanda suka taɓarɓare." Ya sa, ya ƙara, ya sake ƙarawa har gumi ya keto masa, ya ture ta yana dariya ya ce ya sallama. Ba a rufe ɗakinmu ba. Kafin a tashi kuma ka ce tunda an yarda akwai waɗanda ba sa iya zuwa, a ba mu mota mu ɗauko su. Aka ba mu!

A wurin jana'izarka, kusa da ni a sahu, akwai wani tsohon tela da motar nan ta kawo mana a kwance bara. Bai taɓa ganin fuskarka ba, labarinka kawai ya ji a bakina. An kawo masa kujera ya ture. Da ƙafafunsa ya tsaya har liman ya sallame.

Allah Ya jiƙanka da rahama, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya sa kowane takun da aka yi a ɗakin nan ya shiga mizaninka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya, da 'ya'ya da jikoki, da ɗalibanka. Allah Ya ba ku haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.