Ranar da na durƙusa da safar hannu

Ni matsoraciya ce tun ina ƙarama, kowa a unguwarmu a Argungu ya san haka. Idan malami ya kira ni a aji, amsar tana bakina amma muryar ba ta fitowa. Da na gama sakandare na ce aikin jinya nake so, babanmu ya ajiye lomar da ya ɗauko ya dube ni.

"Ke da ko kaza aka yankawa sai kin shige ɗaki?"

Amma bai hana ni ba. Karatun digiri daga nesa na samu, kuma ya zo mini daidai. A waya ake darasi. Malami yana can wani gari, ni ina ɗakin innarmu, na kashe kyamara, ba mai ganina. Idan hadari ya taso netwok ya gudu, sai in hau kan buhunan shinkafa a zaure in ɗaga waya sama, muryar malami tana zuwa tana yankewa. A haka na haddace sunayen ƙasusuwa da hanyoyin jini. Jarrabawar rubutu ba ta taɓa ba ni wahala ba, don takarda ba ta kallon mutum.

Wankin ciwo kuwa a ƙafar kakata na koye shi. Ƙafar lafiyarta ƙalau. Da tozali nake zana mata ciwon a ƙwauri, in wanke, in naɗe da bandeji, ita kuma tana kishingiɗe tana yi mini tsiya.

"Likitar waya, yau ma ciwon ƙarya za a warkas? To a hankali, kar ki kashe ni da lahiyata."

Duk shekara akan tura mu asibiti a Birnin Kebbi mu yi makonni muna koyon aiki da hannu. Nakan sauka wurin gwaggona a Gwadangaji, in shiga keke napep da safe. A can ma dabara nake yi. Idan sista ta ce wa zai gwada, sai in laɓe bayan wata doguwa a cikinmu, in riƙe tire, in miƙa auduga. Na iya aikin, yin sa a gaban mutane ne yake gagara ta.

Jarrabawar ƙarshe ba ta da wurin laɓewa. Ke kaɗai ce, da majiyyaci na gaske, da mai jarrabawa tana tsaye a kanki. Wadda ta ci, sunanta ya shiga rajista, ta zama nas. Wadda ta faɗi sai ta jira wani zagaye. Ni kuwa na san zuciyata. Idan na faɗi a gaban mutane sau ɗaya, ba zan sake taka ƙofar asibitin nan ba, shekarun da na yi a kan buhunan shinkafa sun tafi ke nan.

Da hantsi aka kira ni ɗakin maza. Mai jarrabawar wata babbar sista ce da aka turo daga wani gari, da tabarau a ƙarshen hanci, ba ta dariya. Majiyyacina wani dattijo ne manomin shinkafa daga Zauro. Lauje ya yanke shi a ƙwauri, ya ci gaba da shiga ruwan fadama da ciwon har ya rure. Na gaishe shi, na faɗa masa abin da zan yi, na ja labule. Wannan karon muryata ta fito.

Akwai ƙa'ida ɗaya da aka nanata mana har muka gaji. Da zarar kin wanke hannu kin sa safar da aka tsabtace, hannun nan ba naki ba ne. Kayan aiki da ciwo kawai zai taɓa. Ko hanci ne ya yi miki ƙaiƙayi sai dai ki haƙura. Na wanke hannu har gwiwa, na sa safa, na ɗauki hantsaki da auduga. Har na fara jin cewa wataƙila zan kai labari.

Sai aka yaye labule.

"Salamu alaikum! Ashe nan aka ɓoye mini shi."

Wata tsohuwa ce, ta fi kakata shekaru, da ƙwaryar fura a hannu. Yayar dattijon ce, daga baya na ji cewa tun da safe ta taso daga Zauro, kuma ba wanda ya iya tare ta a ƙofa. Ni ban yi shawara da kowa ba. Kafin in ankara gwiwoyina sun kai ƙasa, na ajiye hantsaki, tafukana biyu sun dafa siminti.

"Ina kwana, Inna. An zo lafiya?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Ɗiyar wa ta wagga mai ladabi?" Ta ajiye ƙwarya, ta kamo hannuwana ta tashe ni, tana murza safar tana sa mini albarka.

A lokacin na ga hannuwana. Fararen safar sun yi ƙura. Na ɗago ido, sista tana kallona ta saman tabarau. Wani abu a raina yana cewa ki ɗauki hantsaki ki ci gaba, wataƙila ba ta lura ba. Wani yana cewa ga ƙofa can, ki gudu Gwadangaji ki haɗa kayanki. Na dubi ƙafar dattijon. Wannan ba tozali ba ne, nama ne ja, a buɗe, kuma ƙasar da ke hannuna cikinsa za ta shiga.

"Sista," na ce, da wata 'yar murya kamar ta ɗan tsako, "na ɓata safata. Zan sake daga farko."

"Lokacinki yana tafiya," ita ce kawai amsarta.

Na tuɓe safar na jefa a kwandon shara, na rufe ciwon, na koma famfo. Ina wanke hannu hawaye yana sauka, ba halin in share. Na ɗauko sabon ƙunshin kaya, na sa sabuwar safa, na juyo.

Tsohuwa tana nan inda na bar ta, tana jirana. A wurinta gaisuwa ba ta ƙare ba, ko gajiya ba mu kai ba, balle mutanen gida. Ta matso da fara'arta, ta miƙo hannu biyu.

"To, ɗiyata, ina gajiya? Ina wajen su innarki?"

A duniya ban taɓa ce wa babba a'a ba. A gidanmu ko ido ba a haɗawa da tsoho. Na ji gwiwoyina za su sake durƙusawa, na ƙanƙame su da ƙarfi. Na ɗaga hannuwana sama daidai kafaɗa, na ja da baya.

"Inna, don Allah ki yi haƙuri, kada ki taɓa ni."

Fuskarta ta sauya. "Kar in taɓa ki? Ƙazanta gare ni?"

"A'a wallahi, Inna. Hannun nan na ƙafar ƙanenki ne. Idan ya taɓa wani abu, ciwon ba zai warke ba. Ki zauna can, in na gama zan zo in gaishe ki har ƙasa."

Dattijon ne ya cece ni. Ya kwashe da dariya har gadon yana motsi.

"Yaya, yau kin gamu da wadda tah hi ki! Tun muna yara kike ba ni oda, zauna a ba ki taki odar."

"Rufe mini baki, kai da lauje yak kayar," in ji ta. Amma ta zauna a bakin gadon da ke kusa, ta ɗora ƙwarya a cinya, tana harararsa.

Na wanke ciwon da ruwan gishiri, daga ciki zuwa waje, kowace auduga shafa ɗaya in yar. Su biyun suna ta faɗansu a kaina, wai wa ya ce ya shiga fadama ba takalmi. Ban san lokacin da na ɗaure bandeji ba. Na kwashe kaya, na cire safa, na wanke hannu, sannan na je gaban tsohuwa na durƙusa sosai, muka gaisa tun daga gajiya har shinkafar bana. Ta tura mini ƙwarya, na ce ina bakin aiki, ta ce ashe ban daina gardama ba.

A baranda sista ta tsayar da ni.

"Bakabiya ce ke?"

"Eh, Sista."

"Na gani. Ni Bakatsiniya ce, ashe baiwata aka haɗa ni da ita. Kifi ya cinye muku wayo, amma dai kin san hanyar famfo. Je ki."

Na san wasan Katsinawa da Kabawa ne, amma ban gane na ci ko na faɗi ba. A keke napep na yi ta kuka har mai keken ya tambaya ko rasuwa aka yi mini. Sai bayan makonni sakamako ya fito a waya. Innarmu na miƙa wa wayar ta duba, don na kasa kallo. Ita kuma ba ta karanta boko, sai ta yi ta juya wayar tana cewa ita dai ta ga rubutu. Dole na karɓa. Na ci.

Yanzu ina aiki a wani ƙaramin asibiti a wajen Augie. Kafin in je famfo nakan gama gaisuwata kaf, in leƙa bayan labule, in tambayi majiyyaci ko akwai wani babba da ke tafe. Tsoron dai bai sake ni duka ba. Ko a gida, idan na ji an yi sallama ba zato, hannuwana sama suke tashi da kansu. Rannan da ludayi a hannu na yi, miyar kuka ta bi mini har gwiwar hannu, baƙuwar kuwa maƙwabciyarmu ce ta zo aron rariya.