Waƙar Niƙan Inna Tabawa

A Madadi na tashi, a hannun kakata Inna Tabawa. Bamagujiya ce ta asali, ta musulunta tun kafin a haifi babana, amma kullum in ta aika da tuwo maƙwabta, sai kwanon ya dawo yadda ya tafi. Abu ɗaya ya rage mata na gidansu: waƙar da take yi in tana niƙa.

Da an idar da isha'i sai mu zauna a bakin murhu, ni da ita kaɗai.

"Matso, ɗan nema, tatsuniya ba ta son nesa," in ji ta.

Wadda ta fi maimaitawa ta tsuntsaye ce. Wai sarkinsu ya gaji da hayaniya, ya ce kowa ya koma kukan kurciya don a zama ɗaya. Aka koma. Ran nan shaho ya taso. Zabuwa ta hango shi, ita da ta saba kwarmata ihu, sai ta yi guɗar kurciya a hankali. Ba wanda ya motsa. Shaho ya kwashi 'yan tsaki ya yi gaba.

"Allah da ya yi su daban-daban, mantuwa ya yi?" Sai ta tura itace cikin wuta. "Bishiya ɗaya ya ce su kwana, bai ce murya ɗaya ba."

Ni dai dariyar zabuwa nake yi. Wallahi ban gane komai ba.

Da na fara makarantar gaba da firamare a Gwarzo, kai ya kumbura. Wata rana na zo da abokai, muka tarar tana niƙa tana waƙarta. Kunya ta kama ni.

"Haba Inna! Ki daina waƙar arnan nan mana."

Ta dube ni, ta ce, "To, Malam." Ba ta sake yi ba har ta rasu.

Yanzu a Kabo nake zaune. A tafsirin azumin bana malam ya kai ayar da ta ce an yi mu ƙabilu ne don mu san juna. Mutane suna gyaɗa kai, ni kuwa na sunkuyar da nawa. Matar da ba ta tsallake salla ba, a Madadi kaf ni kaɗai nake cin tuwonta, kuma ni na rufe mata baki.

Ina kewarta ƙwarai. Na sha zama ina laluben waƙar nan a raina. Ko baiti ɗaya ban riƙe ba.